Cefane ya fi ƙarfin aljihu: ta ina kuɗin ke zurarewa?

Maman Tagwaye (Talaje):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu yi maganar cefane da lissafi, don "a yi haƙuri" ba ya cika tukunya. Tun da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kaya suka tashi. An ɗage takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta sa a Fabrairun 2024, amma hanyar Kotonu ba ta koma yadda take ba, kayan Lome sai sun zagayo ta Burkina, kuma mai cefane ne ke biyan kuɗin zagayen. Albashi yana nan inda yake. Gida mai mutum takwas a nan Yamai, ta ina zai fara ragewa ba tare da an taɓa abin da ke gina jikin yara ba?

Alhaji Mai Awo (Katako):
Wa alaikumus salam Hajiya. A fara da hatsi, shi ne rabin tukunya. Buhun kilo 100 tiya 40 ne, tiya ɗaya wajen kilo biyu da rabi. A ce buhu jika 26, wato 26.000F: a raba gida 40, tiya ta faɗo 650F. In mai awon unguwa yana ba da ita 750F, jika 4 ke nan ta tafi a kowane buhu. Gidan da ke cin tiya guda a rana kwana 40 buhu ke yi masa, wato buhu 9 a shekara, jika 36 ta salwanta ba wanda ya ga fitarta. Ko an cire kuɗin dako, saura mai yawa ce.

Amma ba kowane buhu ne kilo 100 ba. Akwai mai tiya 37, akwai mai 38, ɗinki ya rufe. Kada a ji kunyar cewa a kwance a auna a gaban ido, ko a ɗora a sikeli. A duba tiyar kanta, wata an bubbuge gindinta ya shigo ciki. A sa a soki buhun daga ƙasa da tsakiya, don mai kyau a baki ake zuba shi, ƙaiƙayi da yashi suna can gindi. Hatsin da ke da yashi tiya biyu a buhu ya cinye wajen kashi ɗaya cikin uku na ribar da aka je nema.

Lokaci kuma ya fi iya ciniki. Daga Oktoba zuwa Disamba, da kaka, hatsi da wake suke ƙasa. Daga Yuni zuwa Agusta rumbuna sun yi ƙasa, kasuwa ta hau.

Mai Kabu-kabu (Lazare):
Alhaji, da girmamawa, wannan shawarar masu albashi ce. Wanda sai ya fita ya samo na yau, a ina zai ga jika 26 a dunƙule? Talaka ya san awon kullum ya fi tsada. Rashi ne ya sa shi, ba rashin sani ba.

Inna ta Bukoki:
Ɗana, gaskiyarka, amma ba sai mutum ɗaya ya ɗauki buhu ba. Gida biyar su haɗu, kowa tiya 8. A lissafin Alhaji 5.200F ne kowane gida, da ɗan abin dako. Wanda ya ajiye 400F kullum, cikin kwana 13 ya haɗa nasa. Sharaɗin da ke sa abin ya ɗore: kuɗi a hannu kafin a tafi kasuwa, ba "ku saya zan kawo gobe". A raba da tiya guda a gaban kowa, ranar da aka kawo. Wanda ya je sayen shi ke da buhun banza. Da an fara ɗaga wa wani ƙafa, karo na uku ba a zuwa.

Adashe ma a mai da shi na kaya. Mai kwasa ta karɓi buhun shinkafa ko bidon mai a maimakon kuɗi. Kuɗi in sun shigo hannu biki da anko ke fara jin ƙamshinsu.

Mai Kabu-kabu (Lazare):
To Inna, wannan ta shiga. Sai dai kwana 13 ɗin nan ana ajiyewa kuma ana awon yau, nauyi biyu ne.

Inna ta Bukoki:
Karon farko kaɗai. Da tiya 8 ta shigo gida, kuɗin awon kwana 8 ba su fita ba, su ne na buhu na gaba. Wuyar aiki ba a fara ba.

Malam Na Gona (Saga):
Kafin kowa ya ruga saye da kaka: sayen sari ba riba ba ne sai an iya ajiya. Hatsi yana da haƙuri. Wake ba shi da shi. Tun daga gona ƙwaro ya sa ƙwai a jikinsa, ko da an gan shi sumul. Cikin wata biyu zuwa uku a buhun da iska ke shiga, sai huji da gari.

Na farko a tabbatar ya bushe. A sami kwalba busasshiya, a zuba ƙwayar kamar kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe sarai, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, akwai laima, a mayar shanya. In ya zube ƙasa wasai, ya yi. Haka ake gwada masara da gujiya ma.

Sannan a hana shi iska. Bidon mai na lita 25 yana cin wajen tiya 8 na wake. A wanke shi da sabulu da toka, a kife ya bushe kwana biyu, a cika shi har wuya ana jijjigawa don ya zauna, a sa leda a baki kafin a murɗa marfi. Ƙwarin da ke ciki su ke shanye ƴar iskar da ta rage su mutu. Kuskuren da ake yi guda biyu ne: a bar bido rabi, ko a riƙa buɗewa kowane mako ana ɗiba. Duk buɗewa sabuwar iska ce. Na ci yau da gobe a zuba shi daban cikin gorunan ruwa na lita ɗaya da rabi, babban bido kada a taɓa shi kafin wata biyu.

Mai buhu guda ko fiye ya nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A hura kowace leda a ga ba huji, a matse iska, a ɗaure kowace daban, ta ciki tukuna. A ɗora kan itace nesa da bango saboda ɓera, don huji ɗaya ya ɓata aikin. Wanda ba shi da ko ɗaya, tokar murhu da aka tankaɗe ta huce, awo ɗaya na toka awo ɗaya na wake, a cakuɗa a tulu, a rufe sama da toka kamar kaurin yatsa biyu.

Ɗan Ader:
Malam, ƙwayar nan da ƴan kasuwa ke jefawa cikin buhu fa? Ta fi arha, ba wahalar bido.

Malama Ungozoma (Yantala):
Don Allah ɗan'uwa kada a kai ta gida. Wannan ƙwayar in ta sha laimar iska wani hayaƙi take fitarwa wanda ba a gani, shi ke kashe ƙwari, kuma yana kashe mutum. An yi ta ne don mangaza da ba a kwana a ciki, a hannun wanda aka koya wa. A gidajenmu buhu yana ɗakin da yara ke barci, ko bango ɗaya ya raba su. Amai, ciwon kai, sarƙewar numfashi, yaro ƙarami ba ya jurewa. Garin maganin ƙwarin gona da wasu ke barbaɗawa a wake shi ma haka, wanki ba ya fitar da shi duka. Waken da ke warin magani a bar wa mai shi komai arharsa.

Tunda ana maganar arha: gujiya da masarar da suka yi hunhuna, masu ɗaci ko baƙi a cikinsu, ana karyar da su a kasuwa. Dafin da ke cikinsu hanta yake ci, kuma wuta ba ta kashe shi. A tsince a zubar, kada a ce a niƙa a yi ƙuli-ƙuli ko kunu.

Alhaji Mai Awo (Katako):
Malama ta faɗi gaskiya, mu ma a mangaza muke sa ta, a rufe a tafi. Wani abu kuma: a sa kunne ga sanarwar hatsi mai rahusa na OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, da ake fitarwa lokacin tsada. An daɗe ana ba da buhun kilo 100 a 13.000F. Ba ya isar kowa, layi da tsawo, amma a tambayi mai unguwa ranar da wurin. Kuma a Oktoban 2024 an hana fitar da hatsi da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina, don kaya su zauna a kasuwannin gida. Masu cewa a tafi kasuwar Baleyara ranar Lahadi, a haɗa da kuɗin mota zuwa da dawowa da na kaya. Buhu ɗaya ba ya biyan tafiyar, sai in mutum biyar sun aiki mutum ɗaya.

Maman Tagwaye (Talaje):
Shinkafa fa? Ita ce ke cinye kuɗin ƴan birni. Wasu sun ce ta kogi, wato ta gida, wasu sun ce ta waje ta fi auki.

Uwar Ɗaki (Banifandu):
Yaya, kada a yi gardama da baki, a gwada. Kofi ɗaya na wannan, kofi ɗaya na waccan, tukunya iri ɗaya, a dafa a zuba a faranti a gani. Ta waje ta daɗe a ajiye ta bushe, tana shan ruwa da yawa, shi ya sa take auki. Sabuwar ta kogi ba ta son ruwa da yawa, in an yi mata ruwan ta waje sai ta caɓe a ce ba ta da kyau. Ta fi ɗanɗano, in ta kwana biyu a ajiye aukinta na ƙaruwa. Abin da za a kwatanta shi ne kuɗin farantin da ya fito, ba kuɗin kilo ba.

Ni dai a ganina babbar mafita a rage kwanakin shinkafa. Kwana bakwai a mako ba dole ba ne. Dambun tsakin masara da zogale, tuwon masara da miyar guro, ɗan wake, shinkafa da wake awo biyu da ɗaya. Wake yana riƙe ciki har yamma, shinkafa zalla kafin la'asar yara sun dawo suna neman kuɗin ƙosai. A wajen surfe ma ana asara: in an bar mai inji ya surfa hatsi har ya yi fari fat, kusan kashi ɗaya cikin biyar na iya tafiya a dusa. A ce masa surfe ɗaya, a karɓo dusar, ko kaji su ci ko a sayar wa masu kiwo.

Mai Gyaran Risho (Wadata):
Ba wanda ya taɓo wuta, alhali nan ma rami ne. Farashin hukuma na cika tukunyar gaz mai kilo 6 1.800F ne, mai kilo 12,5 kuma 3.750F, ko da yake in ta yi wuya masu sayarwa na ƙarawa. Gidan da ke sayen icce ko gawayin 200F kullum ya kashe jika 6 a wata, kuɗin cika ƙaramar tukunya sau uku da canji. Abin da ke hana mutane shi ne kuɗin tukunyar farko, nan adashen Inna zai yi aiki.

Gaz ɗin ma ana ɓarnarsa. Wuta shuɗiya ita ce lafiya. In ta yi ja tana baƙanta gindin tukunya, hujojin kan risho sun toshe da miya: a kwance in ya huce, a goge da tsohon buroshi, a bi hujojin da allura. Harshen wuta kada ya wuce gindin tukunya, wanda ya leƙo gefe iska yake dafawa. Da ta tafasa a rage, ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi don an ƙara wuta. Marfi kullum. In ana girki a tsakar gida a kare iska da kwano ko bulo. A shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo da bakin tukunyar gaz, in ta yi ƙwai-ƙwai akwai yoyo, a rufe a canza robar. Ba a gwadawa da ashana. Nauyin tukunyar gaz in ba komai a ciki a rubuce yake a jikinta, a haɗa da kilo 6 a ɗora a sikeli in ana shakkar cikarta.

Inna ta Bukoki:
Wake shi ke shan wuta. A jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, ya tafasa minti 20 da ƴar kanwa kamar ƙwayar gujiya. A sauke da marfinsa, a naɗe tukunyar da tsohon bargo, a cusa cikin kwando ko kwali a danne da matashi. Bayan awa uku ya nuna da zafin kansa. Shinkafa minti 5 a wuta, minti 40 a bargo, ba ƙanzo. In an buɗe don leƙawa zafin ya gudu, sai an mayar wuta.

Malama Ungozoma (Yantala):
Dabarar Inna tana da kyau, da sharaɗi: kada ya wuce awa huɗu a naɗe, in ya fara hucewa a sake tafasa shi kafin a ci. A zafin Afrilu da Mayu shinkafar rana da aka bari a rufe ba firigo, zuwa dare tana iya kawo amai da zawo ko an ɗumama. Miya a tafasa ta da dare, kada cokali ya sake shiga, a sake tafasawa da safe. Kuɗin magani ɗaya ya fi na kwanon shinkafar da ake jin tausayin zubarwa. Gara a auna daidai tun farko, ɗumame a bar wa tuwo.

Ɗan Ader:
Bari in biya bashin tambayata da maganar albasa. Ta Galmi da Madawa tana fitowa da yawa a Maris da Afrilu, lokacin ne take ƙasa. Daga Satumba zuwa ƙarshen shekara sai a hankali. Mai son ajiya ya zaɓi matsakaiciya, mai siririn wuya da ya bushe, mai ɓawo yana ƙara. Manyan nan masu sheƙi galibi sun sha takin zamani da ruwa har ranar cira, su ke fara ruɓa. A baza a inuwa mai iska kwana goma, kada a bar ta a buhu. A can gida rudu ake yi mata, a birni gadon kara ko raga a kan bulo ya isa, kada tsibi ya wuce hawa biyu. Kowane mako a juya a cire mai laushi, guda ɗaya na kama na kusa da ita. Da damina laima za ta ci wani kashi ko an yi yaya, saboda haka rabi a yanka siriri a shanya, lawashin ma a daka a yi gabu.

Tumatir da ɗari ne, Janairu da Fabrairu, lokacin da masu lambu ke rasa mai saye. A je kasuwar Jamaje ko ta Harobanda da yamma, mai kaya ba ya son kwana da shi. A zaɓi mai tsoka, a raba biyu ko huɗu, a barbaɗa gishiri kaɗan, a shanya a kan tabarma sama da ƙasa, a rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura, a shigar da dare. Kwana huɗu zuwa shida. Kilo 12 zuwa 15 na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na kauɗa, kada a yi mamakin ƙanƙancewarsa. Sai ya karye ƙas a hannu ake zubawa a kwalba, in yana lanƙwasa zai yi hunhuna. Guro, tonka, zogale da yakuwa duk haka, sai dai ganye a inuwa ake shanya shi.

Uwar Ɗaki (Banifandu):
Mai da magi su ne ɓarayin ɓoye. Man 100F a leda sau biyu a rana, a lissafa shi a lita a kwatanta da bidon lita 5. In an sayi bidon kuma kada a riƙa tuttulawa daga bakinsa, zai ƙare da wuri fiye da na leda. A zuba na mako a ƙaramar kwalba, a auna da ludayi guda. A ajiye inda rana ba ta bugu. Magi huɗu a tukunya a mai da shi biyu, a cike da daddawar kalwa ko ta batso, gabu, da garin busasshen kifi da aka daka har ƙayarsa. Nama kuwa watanda: gida goma su sayi dabba ɗaya a kasuwar dabbobi ta Turaku, a kasa daidai, kai da ƙafa da kayan ciki a yi musu kuɗi daban.

Maman Tagwaye (Talaje):
Duk abin da aka lissafa a kan mata ya faɗa. Iyayen gida, ku ma a taɓa naku: shayin fada sau uku a rana da sukarinsa da gawayinsa, kuɗin waya, goro, sigari. Mai kashe 500F a nan kullum ya kashe jika 15 a wata, fiye da rabin buhun da Alhaji ya lissafa.

Mai Kabu-kabu (Lazare):
Hajiya ba a musa ba. Amma a fada ake jin labarin aiki, ba a yanke ta gaba ɗaya. A yi karo-karo, a dafa sau ɗaya. Ni abin da na fi tsoro littafin mai butik ne. Mai cin bashi ba ya taya kaya, ba ya zuwa wani shago, kuma ƙarshen wata ba ya iya tuna abin da aka rubuta. In ya zama dole, a riƙe littafi biyu, ɗaya a gida, a rubuta a gaban juna.

Malama Ungozoma (Yantala):
In koma kan tambayar farko. Abin da ba a ragewa shi ne na yaro daga wata 6 zuwa shekara 2, da mai ciki da mai shayarwa. Ba sai garin gwangwani ba. Hatsi awo uku, wake ko waken soya awo ɗaya, gujiya mai kyau awo ɗaya. A soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawon wake da na gujiya, a niƙa tare, a tankaɗe. A yi na mako biyu kawai, don man gujiyar na sa shi ɗaci in ya daɗe. A dama da kauri, ya dahu minti 10, a sa ƙaramin cokali na mai da ɗan garin zogale. Kunu tsararo ciki kawai yake cikawa. A ci gaba da nono. Manyan yara ma wannan kunun da safe ya fi burodi da shayi riƙe su a lakol, kuma ya fi arha.

Mai Kabu-kabu (Lazare):
Malam Na Gona, bidon da aka taɓa zuba esansi a ciki, in an wanke sosai zai yi?

Malam Na Gona (Saga):
A'a ɗan'uwa, ko kusa. Roba tana shan esansi da maganin ƙwari, wanki ba ya fitarwa, warin zai koma cikin waken. Na man girki kaɗai. Masu tuyar ƙosai da masu butik suna sayar da nasu in sun ƙare. A duba marfin yana da zobensa na ciki, a rufe a danna cikin bidon da gwiwa: in an ji iska na fita, a nemi wani.